Ƙayar Bayan Ɗakin Iya

Kakata Falmata ba ta tatsuniya sai an gama tuwon magariba. Ko da bazara ce, kowa na zufa, sai ta ja tabarmar kaba gaban murhu, ta tura kashin raƙumi biyu cikin garwashi, wai ita bakinta ba ya buɗewa in ba ta ga wuta ba. Da manya Barbarci take yi, amma mu yara da Hausa take ba mu labari, Hausar kasuwar Gure, tana yi tana tsokanarmu ɗaya bayan ɗaya. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta." Ni kuwa ba ta kirana Zara, sai Uwar Kare.

Ba banza ta sa mini sunan ba. Muna da kare, Jatau, jan kare mai dogayen ƙafafu, wanda ke bin tumakinmu zuwa kwari ya tsare su daga dila. Baba ba ya barinsa kusa da randa ko buzun salla, ni kuwa da shi nake wuni. Ina shekara bakwai a lokacin, Nasara na mulki a bariki, gari bai gama farfaɗowa daga ɓarnar fara ba, amma ko loma biyu aka ba ni sai na ɓoye masa ɗaya. Da rana ta take, yana da wurinsa a inuwar bayan ɗakin Iya. Zai tona rairayi har ya kai mai sanyi, ya kwanta a ramin, harshe waje.

A wannan bazarar Iya ta haihu, namiji. Kwana biyar ya yi a duniya, ko suna ba a kai ga raɗa masa ba. Da sassafe aka tura ni gidan gwaggona, da na dawo ba jariri. Na tambaya, aka ce, "Baƙon ya koma." Na ce ina ya koma, aka ce in je in ba tumaki ruwa. A wurinmu jaririn da ya rasu ƙarami haka ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake rufe shi, kusa da ɗakin uwarsa. Kuma ba a faɗa wa yara, uwa ma ba ta kuka a ji. Baba ya duba inuwa ya rufe ɗansa a bayan ɗakin Iya, daidai makwancin Jatau. Ni ban san komai ba.

Washegari da rana kare ya tafi wurinsa ya fara tono. Baba ya jefe shi da taɓarya. Kaka ta daka barkono da toka ta barbaɗa a wurin, Jatau ya wuni yana atishawa, iska ta kwashe tokar, ya koma. Ƙasarmu rairayi ce, ba dutsen da za a ɗora, turmi kuma ɗaya ne a gidan. Sai Baba ya saro ƙayar aduwa ya jibga a kai. Ya tsaya tsakar gida ya ce, kowa na ji, "Wallahi in karen nan ya sake taɓa wurin nan, ya gama kwana a duniya." Baba kuwa ba ya rantsuwa ya janye.

Kwana uku Jatau na kewaya ƙayar yana kuka ƙasa-ƙasa. Rana ta huɗu ya zo mini da ɗingishi, na cire masa ƙaya mai tsinin allura daga dagi. Haushi ya kama ni. Na ce a raina, wannan ai mugunta ce, gida duk rana, inuwa ɗaya tak, ita ma a hana shi? Baba ya tafi kasuwa, Kaka tana rijiya, Iya na kwance a ɗaki. Na ja ƙayar nan da hannuna, tana yagata, na kai ta jikin darni. Na ce, "Kwanta abinka, Jatau." Na ɗauki ƙwaryata na tafi kwari tsintar goriba.

Da na dawo na tarar da Iya durƙushe a bayan ɗaki, ba kuka ba magana. Kaka ta kwance mayafinta ta rufe wani abu a cikin ramin, tana tura rairayi da hannu biyu, amma sai da na hango gefen farin ƙyalle. Ta daka mini tsawa in koma zaure. Baba ya dawo ya ga abin da ya faru. Ya ɗaure Jatau da igiya a turken tumaki, ya ce da safe zai cika rantsuwarsa.

Na ɗauka ran nan ba tatsuniya. Sai ga Kaka ta ja tabarmarta. Yaran maƙwabta suka zo, ta kore su. Ta zauna inda muryarta za ta kai wurin Baba, yana kan buzunsa jikin zana yana jiran lisha.

"Ga wata nan tafe," in ji ta.

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, ta zauna ko ba a matsa mata ba."

Ta ce wai a da can akwai wata makiyayiya mai ɗa ɗaya da kare ɗaya. In za ta rijiya sai ta kwantar da yaron a inuwa, ta ce wa karen, "Ga amana, kada ka bar shi shi kaɗai." Wata rana zazzaɓi ya ɗauke yaron. Aka rufe shi a tsakar gida, karen yana daji da awaki. Da ya dawo ya shinshina, ya gane inda amanarsa take, ya hau tono. Suka doke shi, ya dawo. Suka zuba barkono, ya yi tono yana hawaye. Suka sa ƙaya, ya bi ta gefe. Mijin ya wasa mashi. Sai matar ta ce a dakata mata. Ta je ta tsuguna gaban karen ta ce, "Bawan Allah, mu muka yi laifi, ba mu faɗa maka ba. Wanda ya ba mu yaron ya karɓi abinsa. Yana nan ƙasa yana barci, ba shi kaɗai ba ne. Sauke amanar." Tun daga ranar karen bai sake tono ba. A kan wurin yake kwanciya, ba dilan da ya isa ya matso.

Kaka ta ɗaga murya kaɗan, ta kira Baba da sunansa. "Wanda ba a faɗa wa ba, ai ba a kama shi da laifi. Ko ba haka ba, Mamman?"

Baba ya juya mana baya.

A nan na gane abin da ke cikin farin ƙyallen.  Kaka ta kamo hannuna ta juya shi a hasken garwashi, ta ga duk inda ƙaya ta yage ni. Ta dube ni ta ce a hankali, "Uwar Kare, ƙaya dai ba ta tafiya da ƙafarta. Ko akwai mai maganar da zai yi wa mai gidan nan?" Ta buɗe mini ƙofa, wallahi ta buɗe mini. Da a ce na ce ni ce, da duka kawai zan sha, Baba kuma da ya sami hanyar da zai yi kaffara ya bar karen. Na dubi bayan Baba, na tuna Iya durƙushe, tsoro ya rufe mini baki. Na ce ina jin barci.

Ta saki hannuna. Ta ce, "Iyakarta ke nan. Wanda ya ji ya riƙe."

Da safe Baba ya kwance igiyar, ya ɗauki kulki. Jatau ya bi shi yana kaɗa wutsiya, ya ɗauka kiwo za su. Da suka zo wucewa ya ja ya lashi ƙafata. Suka haura tudun rairayi. Baba ya dawo da igiyar a naɗe, ya wanke hannu, bai karya kumallo ba.

Kaka ba ta taɓa tona ni ba, ba ta kuma sake kirana Uwar Kare ba. Na girma ina juya tatsuniyar nan. Na san Jatau ba amana yake nema ba, kare ne mai neman sanyi, ƙila kuma wari ya ja shi. Kaka ma ta sani. Ba don kare ta ƙaga labarin ba, don mu ne, mu da muka iya saro ƙaya da daka barkono amma muka kasa faɗin magana guda. Shi ya sa da Allah ya karɓi ɗiyata ta uku tana cikin tsumma, kafin a sa ƙaya na tara yayyenta na nuna musu wurin. Tsofaffi suka ce ba ni da kunya, na ce na ji.

Iya sai da ta tsufa, idonta ya soma tafiya, na iya faɗa mata. Ina tsefe mata kai na ce, "Iya, ƙayar nan ta bayan ɗaki, ni na janye ta."

Ta ce, "Na gan ki ta kafar zana."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Kika ƙyale ni?"

"In na ce ki bari, za ki ce don me. Me zan ce miki? Bakina bai iya ba, Zara. Na kwanta ina jin yana tono."

Muka yi kukan da ba mu yi ba shekara talatin. Can ta share fuska da gefen zane, ta ce, "Yaya ma ake kiran karen nan?"

Na ce, "Jatau."

Ta jinjina kai. "Kin gani. Shi ko suna yana da shi."