Gashin da na tsinto a shingen zabi

Shekarun baya, ina ɗalibi a jami'ar Zinder, malaminmu ya tura ni garinmu wajen Kwaya in tattaro kashin kyanwar daji da gashinta. Ba kamawa, ba tarko. A labo, ɗakin binciken kimiyya, ake bincika ƙwayoyin halittar da ke ciki, a gane wannan kyanwa ce ko waccan. Ni da iyayena suka kai lakwal, makarantar boko, don in zama babban mutum, ga ni duƙe gindin magarya ina zuba kashi a kwalba. Mata a bakin rijiya suka sa mini suna Likitan Kashi.

Akwai wata kyanwa mace da na fi sani. A ramin tsohon suri ta haihu, 'ya'ya uku.

Ana cikin haka sai zabin maƙwabcinmu, abokin mahaifina, suka fara ɓacewa. Ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Yaro, kyanwarka ce. Guba zan sa mata."

Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Na samu gashi a ƙayar shingenka, zan aika a duba. In ita ce, ni da kaina zan faɗa maka."

Ya ce ya ba ni kasuwa biyu. Na amsa da ƙarfin hali, kamar labon a aljihuna yake.

Ashe sai an fitar da kwalaben zuwa ƙasar waje. Kasuwa biyu ta wuce. Wata safiya na tarar da kyanwar miƙe a gefen gonar gyaɗa, bakinta duk kumfa. 'Ya'yan ban same su da rai ba.

Sai bayan an gama girbi sakamakon ya zo. Gashin kare ne.

Na hau moto da takardar, na je wurin maƙwabcin namu, na fassara masa daga Faransanci. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara hularsa, ya ce, "To, ai zabin ma ba su daina ɓata ba. Ya mutanen Zinder?"

Na naɗe takardata.

Har yau ban iya jin haushinsa yadda nake so ba, talaka ne da zabinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne rahotonmu. Da ya fito, an ƙirga kyanwar cikin masu rai, da lambarta, ana yabon aikin. Na gaya wa malamina ta mutu. Ya ce an riga an buga.