Kiɗan da ya sa 'yata shan koko

Da na yaye 'yata ta fari sai ta yi fushi da abinci. Koko, tuwo, wake da shinkafa, duk abin da na kai bakinta sai ta dantse haƙora ta kau da kai. A wurin awo, nas ta rataya ta a sikeli, ta duba katin, ta dube ni.

"Wata biyu layin nauyinta a kwance yake. In wata mai zuwa bai tashi ba, kwantar da ku za mu yi."

Ni ko warin asibiti ba na son ji. Na dawo gida ina kuka, ita tana tsotsar gefen mayafina.

Muna zaune a zangon Yendi ne, unguwar Hausawa, tare da surukata, wadda muke kira Mma. Maigidana fataucin shanu yake yi, a makon nan ya dawo daga Bawku da wata 'yar na'ura mai gilashi da maɓallai. Ya saye ta a zaton rediyo ce. Sai a mota wani ya gaya masa wasa ne na Japan.

"Rediyon da babu labarai," in ji Mma. "Allah ya shirye ka."

Rannan na kunna ta don in raba yarinyar da kuka. Karatuna bai kai in karanta Turancin ciki ba, amma ido na gani. Wasu yara ne huɗu masu gashi kala-kala, ɗaya da sarewa, ɗaya da ganga, biyu da wasu abubuwa masu tsirkiya. Wani mugu ya sace kiɗan garinsu, ko dai haka na fahimta, suna yawo suna ƙwato shi. In dodo ya tare hanya ba takobi ake zarowa ba. Kiɗa ke tashi, kai kuma ka danna maɓalli daidai da bugun. Ka dace, dodo ya sha kashi. Ka kuskure, kiɗan ya karye kamar an taka kaza.

Kiɗan faɗan na tashi yarinya ta saki baki. Na zura cokali. Ta haɗiye! Na sake, ta sake.

Matsalar, wasan hannu biyu yake so, cokali kuma yana son na uku. Dole Mma, wadda ta ce ba za a yi kiɗan aljanu a tsakar gidanta ba, ta ja kujera ta karɓi kofin koko.

"Don jikata na zauna, Amarya, ba don shirmenki ba."

Gaskiya wanda ya haɗa kiɗan nan ya san aikinsa. Kowane gari da nasa, na bakin ruwa daban, na kan dutse daban, kuma in ka jera bugu goma ba kuskure sai wata murya ta shigo sama, har tsikar jiki ta tashi. Danna maɓallin bai ba ni wuya ba. A Salaga na girma, tun ina ƙarama nake juya sakwara a turmi, hannu ya shiga ya fita kafin taɓarya ta sauko. Wadda ta tsira da yatsunta goma a wannan aiki, dodon gilashi ba zai ruɗa ta ba.

Amma yaran cikin wasan nan akwai surutu! Faɗa na minti biyu, hira ta minti ashirin. Su tsaya a bakin gada, wannan ya yi magana, wancan ya yi, mai sarewa ta yi kuka, kuma babu maɓallin da zai ce musu ya isa. Duk lokacin nan bakin 'yata a rufe, koko yana sanyi.

"Me suke cewa?"

"Ban sani ba, Mma."

"To su yi faɗan mana! Yaran nan ba su da iyaye ne? Tun shekaranjiya ban ga sun ci abinci ba."

Ga dodannin hanya, guda uku ne kawai ake canza musu launi. Ga ɓata: na yi yini biyu ina zagaya daji ɗaya, ashe ƙofar tana bayan wata bishiya.

Saura kwana biyar awo muka iso wurin babban mugun. Kiɗansa ba irin na baya ba ne, bugun yana zuwa a karkace. Na danna, ya karye. Na sake, ya karye. Kowace karyewa sai yarinya ta furzo kokon a zanen Mma. Komawa baya kuma babu hali, wasan ya kulle ƙofa. Kwana biyu cokali shida kawai ta sha. Na fara haɗa kayan kwanciyar asibiti a leda.

Rana ta uku Mma ta ajiye kofin, ta rufe ido tana saurare.

"Ke, dakan mutum biyu kike ji. Wannan taɓarya uku ce, irin ta gidan biki. Ta ukun tana makara kaɗan. Bi tafina."

Ta shiga tafi, ni ina dannawa, maigida da ya shigo neman hularsa aka miƙa masa cokali. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mugun ya faɗi, kofi ya ƙare, har aka dama wani.

Daga nan yaran suka rungumi juna suka yi surutu har azahar, rubutu ya yi ta hawa sama, wasa ya ƙare. Na ce na shiga uku, saura kwana biyu. Na danna duk abin da ke dannuwa, sai ga mu a garin farko, dodon farko yana jira.

Ranar awo na kasa kallon sikelin, ƙafar nas na zuba wa ido. Ta ja biro a katin.

"Ya tashi. Me kuke ba ta?"

Na dubi Mma.

"Koko," in ji Mma.

"To ku ci gaba."

A hanyar gida, yarinya a bayana, Mma ta ce gobe ni zan riƙe cokali, ita za ta riƙe na'urar, don ta lura ina yawan makara a dajin nan.