Uwar Ɓeraye da inuwar tafin hannunta

Kullum kafin likitoci su iso, Uwar Ɓeraye ta riga ta share ɗakin bincike, ta canza dusar katako, ta cika kwalabe. Kejin layin dama ruwa zalla, na layin hagu ruwa da giya, yadda aka auna mata. Masu binciken so suke su san abin da giya ke yi wa ƙwaƙwalwa wajen gani. Sai ta bi keji ɗaya-ɗaya tana gifta tafin hannu ta sama. Ɓeran dama da ganin inuwa ya lafe. Na hagu sai hannun ya wuce yake zabura. Idonsa garau, saƙon ne ke makara a hanya.

In bincike ya ƙare, ita ke kashe su, ɓerayen da ta raina tun suna jajaye. Ba ta cin abinci ranar. Ni ke kai gawarwakin wurin ƙonawa, don ni ne direban gidan. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma 'yata na sa ta rubuta, amma a sitiyari ba a haifi na biyuna ba. Wajen shan giya kuwa, duk wanda ya zauna da ni ɗaukarsa ake yi.

Wata safiya ina jingine da mota ta kawo buhun gawa, sai ta wulga hannu ta gefen fuskata. Har ta sauke hannun kafin na kauce.

"Baba Direba, ashe ɗan layin hagu ne kai."

"Ke! Ni kike haɗawa da ɓera? Ko kaza ban taɓa bugewa ba!"

"Kajin ne ke da sa'a. Kawo makullin."

Ta zare shi daga hannuna ta kai ofis. Aka miƙo min tsintsiya. Shekara da shekaru ban amsa gaisuwarta ba.

Abokin shana Dogo bas yake ja, shi babu mai wulga masa hannu. Da rana tsaka ya shige ƙarƙashin tirela, mota cike da fasinja. Ni na je shaida gawa, da takalminsa na gane shi. Sauran 'yan teburinmu ma duk ni na raka su makabarta. Ga ni daram, har ƙashi nake taunawa.

Yau Uwar Ɓeraye ta ajiye aiki. Yatsunta duk tabon cizo, ƙirjinta na kuka saboda ƙurar dusa, sunanta bai shiga takardar binciken kowa ba.

Ke ce kika dubi ƙato irina ido cikin ido kika raba shi da mota. Ke ce mai hannun da ba ya ƙarya. Har gobe ina cewa da ni ne da na kauce wa tirelar nan, amma ban ƙi da kika hana ni gwadawa ba. Na gode, Allah ya ba ki lafiyar ƙirji.

Ku kuma, in kun ga naku yana makarar ƙiftawa, ku karɓe makullin. Ya yi ta fushinsa. Mai rai ne ke yin gaba da mutane, Dogo ba ya yi da kowa.