Namsarai da Waƙar Duƙushin Ƙarshe

Idan duƙushi ya zo na ƙarshe a tsere, laifinsa ne ko na mai shi? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban sami amsa ba.

Haihuwa da aure

An haifi Namsarai a shekarar 1941 a lardin Arkhangai, ɗa ga Choijil makiyayi da matarsa Yanjmaa. Ya yi aji huɗu, sannan ya koma kiwo. A 1965 ya auri Dolgorsuren.

Tseren 'yan shekara biyu

A 1968 ya fara shigar da doki tseren 'yan shekara biyu a bikin Naadam na gundumarmu, kuma nasa ne ya zo ƙarshe. Bisa al'ada, akan kawo na ƙarshen gaban jama'a, mai shi na riƙe da linzami, a yi masa waƙa cewa ba shi da laifi, mai horonsa ne ya gaza, baɗi shi zai yi gaba. Namsarai ya ƙi tsayawa. Ya ce ba zai ɗauki laifin malalacin doki ba, ya ja abinsa gida.

Ya lashe tseren a 1972 da 1983, ya zo na uku a 1990. Bai ƙara zuwa ƙarshe ba, domin duk duƙushin da yake shakka a kansa, a gida yake barinsa.

Shekarun tsufa

Tsananin sanyin 2010 ya halaka yawancin garkensa. Jikarsa Tsetsgee ta raini wani marayan duƙushi da nonon saniya, kuma a 2011, da ya shiga shekararsa ta biyu, ta roƙi a bar ta ta hau shi a tseren. Ya ƙi, ya ce ƙarshe zai zo.

"Tsoho," in ji Dolgorsuren, "shekara arba'in kana ɓoye dawaki don gudun waƙa ɗaya. Yarinyar ma ɓoye ta za ka yi?"

Aka shigar da duƙushin, ya kuwa zo ƙarshe. Namsarai ya gyara hularsa, ya karɓi linzamin daga hannun Tsetsgee, ya tsaya har aka kai ƙarshen waƙar.

Rasuwa

Ya rasu a watan Maris na 2012, aka binne shi a gindin dutsen da yake kiwo. Ya bar matarsa, da 'ya'ya uku, Badam, Purevjav da Ichinkhorloo, da wasiyya ɗaya: a sake shigar da marayan duƙushin tsere a bana.