Rogona a Gindin Dogon Ƙarfe

A shekarun tsuke bakin aljihu ina aiki a wata 'yar tashar rediyo da ke tsakiyar gonaki a arewacin Kano. Aikina gadin mita, wani akwati mai allura biyu. Wayar da ke kai shirye-shirye zuwa dogon ƙarfen da ke watsa su ta cikinsa take bi, shi kuma ya ɗan ɗanɗani abin da ke wucewa, kamar yadda Inna ke lasar miya a ludayi. Allurar dama na nuna ƙarfin da ya tafi, ta hagu kuma wanda dogon ƙarfen ya ƙi karɓa ya dawo. Muddin ta hagu na kwance, lafiya lau.

A wajenmu ba a barin fili ya zauna haka kawai. Injiniya, shugabanmu, ya bar mutanen ƙauye su noma filin tashar, amma gyaɗa da wake kawai, waɗanda ba sa buƙatar haƙa mai zurfi, don akwai wayoyin tagulla binne kewaye da ƙarfen, in babu su ba ya karɓar ƙarfi sosai. Gidaje da dama da filin nan suka dogara.

Wata rana allurar hagu ta ɗaga kai. Injiniya ya tara manoman, ya ce wani ya tsinke waya, in mai laifi bai fito ba, bana ce noman ƙarshe. Nan take na tuna rogona. Albashi ba ya kai wata, shi ya sa na dasa rogo a bayan ɗakin inji, kuma da na je haƙa fartanyata ta sari wani abu da na ce wa raina saiwa ce.

Sai wani dattijo mai wake ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ni ne. Idon ya yi rauni."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, zauna. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni ne."

Injiniya ya dube ni, sannan ya miƙo min fartanya. Na tono wayar, muka liƙe ta da dalma, allura ta koma ta kwanta. Ragowar rogon aka dafa da ƙuli, har Injiniya ya nemi ƙari.

Daga baya na tambayi dattijon me ya sa ya ɗau laifina. Ya yi dariya.

"Ɗana, ai kowa ya ga rogonka. Ni kuwa ba ni da aikin da za a kore ni."