Malam Badaru Maɗorin Fagam da Kafaɗar da Ta Jira Hadi

Haihuwa da asali

An haifi Malam Badaru a Fagam, cikin ƙasar Gwaram, a shekarar 1912. Mahaifinsa shi ne Maikano Maɗori, mahaifiyarsa kuwa Mero, 'yar makiyaya ce daga Basirka. Gidansu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni, amma sun fi yin suna a kan gaɓoɓin hannu: kafaɗar da ta goce, gwiwar hannu da ta riƙe, da wuyan hannu mai targaɗe.

Karatu da koyon sana'a

Bayan ya sauke Alƙur'ani a wurin Malam Sada, ya zauna gaban mahaifinsa yana riƙe marasa lafiya, uban yana ja. Al'adar gidan ita ce, ba a kiran ɗa maɗori sai ranar da ya gyara gaɓar ubansa da hannunsa, domin ja yau ja gobe, babu maɗorin da ke tsufa ba tare da wata gaɓa tasa ta saɓa ba. Idan kuwa bare ya taɓa ta, to, gadon ya yanke ke nan har abada. A shekarar 1938 Badaru ya mayar da wuyan hannun mahaifinsa, aka yi fatiha, aka miƙa masa ƙoƙon man shanun ɗori, alamar ya gaji sana'ar.

Aure da iyali

Ya auri Talatu, 'yar Unguwar Ya, a 1940. Sun haifi 'ya'ya shida, huɗu suka koma tun suna ƙanana, aka bar Zahara'u da ƙanenta Hadi. Talatu ta rasu a 1958, bai kuma sake aure ba.

Shahararsa

A shekarun samun 'yancin kai sunansa ya kai har Birnin Kudu, inda yake shimfiɗa tabarma ranar kasuwa. Manoman da huɗa ta cinye wa kafaɗa, matan da daka ya kumbura wa wuyan hannu, da yaran mota waɗanda ƙarfen tayar da inji ya fizge, duk wurinsa suke zuwa. Mutum ne marar surutu, sai dai tsokana. In ƙato ya fara ihu tun kafin a taɓa shi, yakan ce, "Haba, ajiye kukan tukuna, yanzu za ka buƙace shi." Hadi ne ke yi masa riƙo, kowa kuma ya shaida yaron yana da hannu.

A 1971, da kuɗin mai suka fara jan samari zuwa kudu, Hadi ya bi wata babbar mota ya tafi Fatakwal koyon kanikanci, bisa alkawarin zai dawo bayan damina biyu.

Faɗuwa da jira

A kakar 1974 Malam Badaru ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, kafaɗarsa ta dama ta goce. Aikin da ba ya ɗauke shi tsawon alwala a jikin wani, sai ga shi ya gagare shi a jikinsa. Zahara'u, wadda ke aure a Basirka, ta zo da kuka a kai shi asibiti, ya ƙi. Wani maɗori daga Gwaram ya yi tattaki domin zumunci don ya gyara masa, Malam Badaru ya yi masa godiya ya sallame shi. Amsarsa ga kowa ɗaya ce: "Kafaɗar nan ta Hadi ce."

An aika wa Hadi sallahu ta bakin direbobi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Hadi ya aiko da rediyo da kwalbar man zafi, tare da cewa yana nan tafe da babbar salla. Salla ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Kafaɗa ta sandare, hannu ya ƙanƙance, ja ya gagara, masu zuwa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Abin tausayi, mutumin da zaurensa ba ya rabuwa da jama'a ya koma cin tuwo shi kaɗai da hannun hagu, yana neman gafarar Allah a kan kowace loma. Duk da haka, kullum da hantsi yakan fito bakin hanya ya zauna inda motar Basirka ke sauke fasinja, ko Hadi na ciki.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Sha'aban, 1979, bayan gajeriyar jinya. Hadi, wanda labarin ciwon ya taso da shi, ya iso ana shirin wanka. Shi ya shiga ya wanke mahaifinsa, waɗanda suka taya shi kuma sun ce ya kama hannun nan yadda aka koya masa, ya yi bisimilla ya ja, ya sake ja, kafaɗa ta ƙi komawa. Haka aka sa shi a likkafani da hannu a lanƙwashe, aka binne shi a maƙabartar Fagam kusa da mahaifinsa.

Ya bar 'ya'ya biyu: Zahara'u, matar aure a Basirka, da Hadi, bakanike a Fatakwal. Daga wannan rana ba a sake yin ɗori a gidan Maikano ba. Allah ya jiƙansa.