Bulti a Jabal Auliya

A shekarar da likita ya hana maigidana tuƙi saboda ido, sai ya zama mutumin kan gado. Shekara ashirin da wani abu yana jan motar haya daga unguwarmu Kalakla zuwa cikin gari, ga shi yanzu kwance a ƙarƙashin rumfa tun safe, rediyo a ƙirji. Masallaci kawai ke fitar da shi, ya dawo ya kwanta. Mutumin da ko tukunya ba ta tsira daga zolayarsa ba, sai ka yi masa magana uku ya amsa ɗaya. Abin ya dame ni, amma ban san ta inda zan kama ba.

Wata rana ina share ɗakin ajiya na ci karo da sandar gorarsa ta kamun kifi, tun ta Jazira, lokacin da muke cirar auduga. Na jingine ta inda zai gani. Kwana biyu bai tanka ba. A na uku na ce ina marmarin ɗanyen bulti, wato karfasa, ba na kasuwa da ya sha ƙanƙara ba. Ya ce a zamaninsa babu wanda ya fi shi kamu a magudanar ban ruwan garinsu. Na ce haka nake ji ana faɗa, ni dai ban gani da idona ba. To, wannan ta taɓa shi.

Ranar Asabar bayan asuba muka hau mota zuwa madatsar ruwa ta Jabal Auliya, ni da kisra, wato siririyar wainar dawa, da yaji da man suya, shi da gora da gwangwanin tana. Lokacin zafi ne, irin wanda ƙarfe tara ma ƙasa ke cizon ƙafa. Ya ɗaura guntun kara a zare, kamu uku sama da ƙugiya, kamar yadda ake yi a magudanar da ruwanta bai wuce ƙugu ba. Ya jefa. Karan ya yi ta lilo a kan ruwa. Awa ɗaya, awa biyu. Shi kuma ba ya ganin karan sosai, sai ya riƙa tambayata ko ya motsa, ina cewa tukuna. Na kusa da mu suna ta ciro kifi. Na ga bakinsa ya fara ɗaukar yanayin nan na ƙarƙashin rumfa, ya ce gara mu tafi kafin rana ta yi tsaka. Na san in muka koma hannu wofi, gorar nan ba za ta sake fita ba, shi ma haka.

Na ce bari in sayo mana shayi. Mai shayin dattijuwa ce, mijinta masunci. Da Larabci na tambaye ta abin da ya hana mu kamu, ta yi dariya ta ce tun ɗazu take kallonmu. Da zafi kifi ƙasa yake sauka wurin sanyi, ko ya lafe a inuwar bangon madatsar, mu kuwa muna ciyar da rana tana. A cire karan, a sa abu mai nauyi, a matsa inuwa.

Sanin ya samu, saura yadda zan kai shi. In na ce mai shayi ce ta koya masa kamun kifi, an gama. Na miƙa masa kofi na zauna, na ce:

"Alhaji, wai a Jazira in rana ta yi zafi irin haka, ina kifin yake shiga?"

"Ƙarƙashin gada mana, can ƙasa cikin laka. Wa bai san wannan ba?"

Ya kurɓi shayi. Ya dubi karansa da ke shawagi a tsakar rana. Ya dube ni.

"Hajiya, wannan tambayar taki da kuɗin shayi aka haɗa miki ita?"

Na ce ni tambaya kawai na yi.

Ya tsinke karan, ya laluba aljihun jallabiya ya fito da wani noti na mota, ya ɗaura kusa da ƙugiya. Muka koma inuwar bango. Ya saki zare har ya ji ya taɓa ƙasa, ya ɗan ɗaga, ya ɗora shi a kan ɗan yatsa. Nan kuma babu ruwan ido, yatsa ke gani. Ko shayina ban shanye ba ya finciko na farko, mai faɗin tafi biyu. Kafin azahar muna da bulti huɗu da tarwaɗa ɗaya. Mai shayi ta ara mini murhu, na soya biyu muka ci tare da ita, shi yana ba ta labarin dabarar noti kamar daga kakansa ya gada. Ta saurara da ladabi, tana cizon leɓe kada dariya ta ƙwace mata.

A mota, don labarin kifi, bai bar fasinjan gefensa ya runtsa ba har Kalakla. Asabar ta gaba ina shirin ɗaura kisra ya ce in huta, ya yi magana da maƙwabcinmu mai gyaran takalma, tare za su. Na tsaya a ƙofa ina jin muryarsa har suka sha kwana, yana yi wa bawan Allah bayanin inda kifi ke shiga da zafi.